Yatsan Mama Ernestine

Ni mutum ne mai yawan surutu, ko da harmonika, ƙaramin abin busan nan mai jerin ramuka, a bakina. Matata Lorraine ta sha faɗa mini cewa in na kama busa a gareji kamar mai gwanjon shanu nake, ba na barin ko tsagar da sauro zai bi ya wuce. Ban taɓa musa mata ba, ban kuma rage ba.

Duk Lahadi in an taso daga coci, ana soya tarwaɗa a bayan shagon Cleophus da ke bakin kogi, a nan Mississippi, Mama Ernestine kuma tana rera buluz, waƙoƙin kukan zuci na mutanenmu, tare da makaɗanta a kan dakalin katako. Ƙa'idarta kowa ya sani. Baƙo in ya hau, za ta ba shi zagaye ɗaya ya busa. In ya yi mata, sai ta ɗaga yatsa sama ta juya shi, wato a ƙara masa. In bai yi ba, sai kawai ta ɗora waƙarta a kansa, ya sauko ya karɓi kifinsa, jama'a na yi masa murmushin jaje. Na ga manyan mutane sun sauko haka, har da wani mai wa'azi. Ni kuwa na haura hamsin ina tuƙa motar 'yan makaranta, ban taɓa busa da mutane masu rai ba sai da faifai. Yatsan nan kawai nake so.

Ranar da ta ce in hau, na je da ɗamarar fata mai jere da harmonika, kowace da muryarta, kamar sojan da za shi yaƙi. Cleophus, wanda shi ne mai fiyano, ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko shago zan buɗe. Na tambaye shi a wace murya za su kama waƙar.

"A muryar fiyanona," in ji shi. "Shekara nawa kana cin kifi a nan, Thurman, ba ka taɓa sauraro ba?"

Sai da suka fara na gane. Fiyanon ya daɗe yana shan raɓar kogi har muryarsa ta zube, ta tsaya a tsakanin muryoyi biyu. Masu jita sun saba, su ɗan sassauta tsirkiya su bi shi. Harmonika kuwa yadda aka ƙera ta haka take, ba ta da abin murɗawa. Na juya baya na gwada ɗaya, ta yi sama. Na gwada ta kusa da ita, ta yi ƙasa. Mama Ernestine ta gama baiti na biyu, ta waiwayo ta kira ni da sunan mahaifiyata ta ce, "To, ɗan Ruby, ga fili."

Na ja iska a rami ɗaya, sautin ya fito a karkace, na ga wata tsohuwa a gaba ta yamutsa fuska. Tsoro ya sa maƙogwarona ya matse, sai sautin ya lanƙwashe ya sauko, ya zauna daram a kan na fiyanon. Na riƙe shi a nan, don ban san inda zan je ba in na sake shi. Na riƙe har ƙirjina ya cika. Na laluba, na sami wani ramin da ke lanƙwasuwa haka. Duk gudun da na koya a gareji bai da amfani, ramuka biyu ne dukiyata, kuma tsakanin wannan da wancan dole in yi shiru in fitar da iska.

A cikin shirun nan ne na ji mai ganga ya amsa mini. Wani daga baya ya ce in faɗa musu gaskiya. Tsohuwar nan ta ajiye farantinta ta miƙe, ta ɗaga hannu ɗaya kamar a coci. Zagayen ya zo ƙarshe, na saci kallon Mama Ernestine ina jiran ta buɗe baki. Idonta na rufe, yatsanta na sama yana juyawa.

Na sake shiga. Wannan karon na sa tafin hannu ina rufe bayan harmonikar ina buɗewa, tana kuka kamar jariri. Cleophus ya daina dariya, ya sunkuya yana bin sawuna. Mai suyar kifi ya bar kasko ya matso. Da zagayen ya ƙare, yatsan bai sauka ba. Ban taɓa ganin ta ƙara wa baƙo har sau biyu ba. Na hango Lorraine a jikin bishiya tana share ido da takardar kifi, matar da ke rufe taga in na fara busa.

Da na sauko, mutanen da na kai 'ya'yansu makaranta shekara da shekaru ba su san sunana ba suka yi ta dafa kafaɗata. Aka zubo mini tarwaɗa da burodin masara har farantin na lanƙwasa. Cleophus ya ce Lahadi mai zuwa in bar shagon a gida, in zo da guda ɗayan nan.

Ina cikin ci Mama Ernestine ta zo ta zauna kusa da Lorraine tana fifita da hula. Na rage tauna don in ji abin da za ta ce a kaina. Ta ce Allah ya yi wa yaron nan albarka da ya ja lokaci, don baiti na uku ne ya ɓace mata.