Gemu a Bayan Gilashi

Tun daga kwanar gidan mai, Tafinta yake fara hango gemun. Kafin ƙofar, kafin kujerar roba, kafin fuskar ma, farin gashin ne ke riga kome shiga ido. Da farko kamar an barbaɗa gishiri a haɓa. Yanzu ya sauko har ya rufe maɓallin wuyan riga.

"A hannun dama," ya ce cikin makirfo da harshen baƙin, "tsohuwar unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ce." Ya kashe makirfon, ya matsa jikin taga.

Direba ya rage gudu ba tare da an roƙe shi ba. Mai gemun, mahaifin Tafinta, yana zaune inda aka ajiye shi, hannuwa bisa gwiwoyi. A bayansa Auta, ƙanwar Tafinta, ta sunkuya tana nuna masa motar da yatsa. Tsohon ya ɗaga hannu. Ba taga ɗaya yake gaisarwa ba, motar ce gaba ɗayanta, har da tayoyi. Baƙi suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto.

"Surukina ya kusa zama limamin unguwa," in ji Direba.

"Wa ya ba ka 'yarsa? Tuƙa motarka."

Tafinta ya yi karatu a nesa, ya dawo da harsunan mutane a baki, babu mata, babu gida. Aikinsa yawo da 'yan yawon buɗe ido. Da annoba ta sa aka rufe iyakoki, aikin ya tsaya cak, ya koma ɗakinsa na ƙuruciya, ya tarar hankalin Baba ya fara zuba kamar ruwa a kwando. Ido yana gani, amma ba ya kawo suna. Hannu ne kaɗai bai manta ba. Kowace safiya Tafinta zai kawo ruwan ɗumi da tawul da reza. Baba zai cafke tsintsiyar hannunsa, ya lalubo da babban yatsa wani tabo da kwalba ta bar wa Tafinta tun yana yaro, ya ce, "Baturena ne?"

"Ni ne, Baba."

Sai a sannan yake ɗaga haɓa. Ran da Auta ta gwada, kwanon ruwan ya kifar mata a ƙafa.

Da aka buɗe iyakoki, ba a buɗe su duka ba. Baƙo sai da shaidar rigakafi, da gwaji kafin ya hau jirgi, da wani in ya sauka. A ɗaura masa munduwar roba a hannu. Ba ya taka kasuwa, ba ya shiga tasi, ba ya musabaha da kowa. Otal ɗaya, mota ɗaya mai tagogi a liƙe, da wuraren kallo da aka keɓe. Duk ma'aikacin da ke shaƙar iska ɗaya da baƙi, shi ma dokar ta hau kansa: a otal zai zauna har kakar yawon ta ƙare, a killace shi, sannan ya ga gida. Wanda ya sa ƙafa waje, ya sa ta waje da aikin.

Maganin Baba ba daga sama yake faɗowa ba. Tafinta ya miƙa hannu aka ɗaura masa munduwar, ta zauna daidai kan tabon. Abu ɗaya ya yi wa kansa: ya shawo kan Manaja cewa unguwarsu tana da tarihi, aka saka ta cikin hanyar motar.

Ɗakinsa na otal yana ƙasa, bayan wurin wanki, tagarsa tana kallon tankunan ruwa. Da safe Nas takan zo da tsinken auduga.

"Ɗaga kai, malam. Hancin nan naka ya saba da ni fiye da mijina."

Da yamma yakan kira gida. Auta ta kara wa Baba wayar a kunne, Tafinta ya yi ta gaisuwa, ya tambayi jiki, ya tambayi ƙafa. Sai ya ji Baba yana cewa, "Ke, wa ya kunna rediyo?"

"Zumunci a ƙafa yake, Yaya," in ji Auta wata rana, ba da faɗa ba. "Shi kuma nasa a hannu yake. Ka san ya ƙi kowa ya taɓa shi. Abinci yana maƙale masa a gashin, fatar ƙasan duk ta yi ja, yana susa har jini."

"Saura kaɗan."

"Haka ka ce wancan watan."

Hoton tsohon ya riga ya yi yawo. Sababbin baƙi tun a ƙofar otal suke tambaya ko za a bi ta wurin mai gemun nan. Wata dattijuwa mai farin gashi ta taɓa nuna wa Tafinta nata hoton, ta ce fuskar mutumin cike take da natsuwa, ko ya san shi?

"Mazaunin unguwar ne," ya ce.

Ranar da abin ya faru, tirela ce ta mutu a bakin layin. Direba ya taka birki, motar ta tsaya daidai ƙofar gidan. Tsakanin taga da kujerar Baba bai wuce faɗin lambatu ba. Tafinta bai taɓa ganinsa kusa haka ba tun da ya bar gida. Ya rame. Akwai busasshen abinci a gefen bakinsa.

Tafinta ya janye takunkumi daga fuska. Ya tura munduwar sama, ya manna tsintsiyar hannunsa a gilashi, tabon yana kallon waje.

Baba ya miƙe, abin da ba ya yi sai an kama shi. Ya tako har bakin lambatun, ya ƙura wa tagar ido. Tafinta ya ƙara danna hannun a gilashin. Sai ya ga Baba ya kai hannu ya shafa gemu, ya juya fuska hagu, ya juya dama. A nan ya tuna: gilashin mai duhu ne. Na ciki yana ganin waje. Na waje kansa kawai yake gani.

Baba ya daɗe yana kallon tsohon da ke cikin madubin. Sannan a hankali ya ɗaga haɓa, ya rufe ido, ya tsaya yana jira.

Tafinta bai san lokacin da ya isa ƙofar motar ba. Hannunsa yana kan jan ƙarfen da ake buɗe ta da shi in an shiga hatsari.

"Kai," in ji Direba ƙasa-ƙasa, idonsa a kan titi. "In ka ja abin nan, ba kai kaɗai ba ne. Ni, da su, da masu wanki, duk za a kulle mu. Matata tana da tsohon ciki."

"Taɓa shi kawai zan yi."

"Ka taɓa shi da me? Ka san abin da ka kwaso jiya a cikin motar nan? Ɗan'uwa, kowa ya ci ladan kuturu..." Bai ƙarasa ba, don ya ji inda karin maganar za ta sauka.

Ƙarfen yana da sanyi. Wayoyin baƙi suna ta ƙarar ɗaukar hoto. A waje Auta ta fito da gudu ta riƙe kafaɗar Baba. Ta kalli motar, ba ta san taga ta nawa za ta kalla ba.

Aka ture tirelar gefe. Na baya suka fara hon. Tafinta ya saki ƙarfen, ya mayar da takunkumi, ya ɗauki makirfo.

"Nan gaba kaɗan," ya ce, "za mu ga tsohuwar tashar."

Bai kira gida ba ran nan. Washegari ma bai kira ba.

Da suka sake biyo layin, ya hango ƙofar, ya hango kujerar, bai hango farin ba. Baba yana zaune fes, haɓa a goge, kumatu sun fito, an yi masa gyaran fuska irin na kanti. Ya ɗaga wa motar hannu. A baya wani ya yi tsaki ya sauke wayarsa. Wata ta tambaya ko an canza tsohon ne. Direba ya rage gudu kamar kullum.

Da yamma Tafinta ya zauna bakin gado, injin wanki yana gurnani ta bayan bango, ya kira.

"Wa ya yi masa?"

"Mai askin bakin titi."

"Ya yarda?"

"Tun ranar nan yake zama da haɓa a sama, Yaya. Ko ruwa sai na sauke masa kai. Na kira mutumin."

"Na ce ya yarda?"

Auta ta ce, "Ya kama hannunsa. Ya ce, Baturena ne? Mutumin ya kalle ni, na gyaɗa masa kai, ya ce ni ne."

"Ba shi da tabo."

"Bai nema ba."

Injin ya tsaya. Aka ji ruwa yana zuba cikin tanki.

"Ya ci abinci sosai yau," in ji ta. "Ya yi barci har la'asar. Da ya tashi yana ta cewa ka dawo."

Tafinta ya kalli bango. Da ya yi magana, da muryar makirfo ya yi.

"Ki gaya wa mutumin ya fara ɗora tawul mai ɗumi, kada ya yi gaggawa. Kuma akwai wani ɗan tsiro a ƙarƙashin haɓa, ta hagu. Ya kewaye shi."

"Zan gaya masa. Jibi zai dawo."

Ya ajiye wayar a kan gado. Munduwar ta zamo ta rufe tabon. Bai gyara ta ba.