Shuɗiyar Fitilar Malam Mamuda

Ba a gama naɗe tabarmin zaman makoki ba Ƙulu ta ratsa tsakiyar maza, ludayin koko a hannunta, ta tsaya a kan Saliou, babban ɗan mamacin, Malam Mamuda.

"Wai zuciya ce ta kashe shi? Kai ka ce wa mutane zuciya ce?"

"Inna Ƙulu, don Allah, ba nan ba."

"Nan ɗin! Ni na ɗaga shi. Na ga tafin hannunsa, ya ƙone kamar an ɗora a kasko."

Kowa a layin nan na unguwar Alibandeng ya san ta da Malam Mamuda: teburin kokonta na jingine da tagar ɗakinsa tun zuwanta Libreville. A ɗakin akwai tsohuwar rediyon aika magana, tsayin mutum, wadda kamfanin katako ya bar masa da ya yi ritaya. Da ita yake gaisawa da tsofaffin abokansa na daji. Cikinta akwai fitilar kwalba mai ba da shuɗin haske muddin wutar lantarki na ciki. Idonsa ya yi rauni, amma shuɗin nan yana ganinsa. Kullum yakan ce mata, "Ƙulu, in kin ga shuɗi, ko tsintsiya kar ki kai."

"Ranar Juma'a yana masallaci ka zo ka karɓi makulli a hannuna," in ji ta. "Ka ce shara za ka yi. Me ka taɓa?"

Saliou ya dubi ƙasa. "Fitilar ta kusa mutuwa, Inna, kuma an daina yin irinta. Har unguwar Plaine Orety na nema. Sai na sa masa diyod, 'yan ƙanana ne kamar ƙwayar wake, aikinsu ɗaya da fitilar. Sun ma fi ƙarfi."

"Suna haske?"

Saliou ya kau da kai.

"Da kai nake, ɗan boko! Suna haske?"

"Ba sa yi."

Wani dattijo ya saki salati.

"Ka gaya masa?"

"So na yi ya kunna ya ji muryar ta fito tas, sannan in faɗa." Ya ɗago kai. "Kyauta ce, Inna."

Sai Ƙulu ta tuna. Ranar Asabar da hantsi tana zuba koko ta ji Malam Mamuda yana mita, wai ya kunna, fitila ta ƙi kamawa, bari ya duba. Ta ce masa ya sha kokonsa tukuna. Ya ce yanzun nan.

"To, tashi ka faɗa musu da bakinka," ta ce. "Kar a ce tsufa ya kashe shi. Mutumin nan bai taɓa ganganci da wuta ba."

Saliou ya miƙe ya faɗa. Sannan ya je motarsa ya dawo da wani abu naɗe cikin tawul, ya miƙa mata hannu biyu.

Ta warware tawul ɗin: tsohuwar fitilar ce. Ta kai ta tagar, ta ajiye kusa da kofin kokon da har yanzu ba wanda ya ɗauke. Rana ta ratsa kwalbar, fara fat.