Ɓerayen Rahama da Jiƙaƙƙen Buhu

Tsoho Amumun ya yi shekara ashirin da shida cikin ramin uraniyom na Arlit, ƙura ba ta kashe shi ba. Ciwon sukari ma shekara goma suna kokawa, bai kai shi ƙasa ba. Kowa ya zauna kusa da shi sai ya ji wannan. Abin da ya kasa ganewa shi ne jikarsa Rahama, da ta yi karatun likita a Yamai, ta dawo tana kiwon fararen ɓeraye ashirin a wani ɗaki bayan asibiti.

"Amaryata, mutane awaki suke kiwo."

"Ciwonka gare su, Kaka. Wata bakwai ina ba su magani, ina duba ko ƙodarsu za ta tsira. Saura sati uku in sani."

Wata Talata cikin bazara kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, na'urar sanyaya ɗakin ɓerayen ta tsaya, injin asibiti ya ƙi tashi. Kafin azahar ɓera biyu sun mutu, sauran sun miƙe suna haki. In suka bi, aikin wata bakwai ya tafi ke nan.

Labari na isa ga Amumun, sai ga shi da buhunan albasa shida a ka, ba komai cikinsu. Ya tarar ta rufe tagogi ruf.

"Boko ya ce ki gasa su? Buɗe."

Ya tsoma buhunan a ruwa, ya rataye su a tagar da iska ke shigowa, ya buɗe ta ɗaya gefen. Haka direbobin Assamakka ke naɗe bidonsu na ruwa da jiƙaƙƙen buhu, ruwan ya yi sanyi tsakiyar rana. Buhu na bushewa, yana yayyafa masa ruwa.

Ita kuwa Rahama ta koma kan ɓerayen. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaga su, ta ɗiga musu ruwa a baki, ta rubuta zafin ɗakin. Har matattun biyu ta rubuta.

"Ki ɓoye su mana, wa ya gani?"

"In na ɓoye, maganin ƙarya zan ba ka."



Da la'asar ɓera na farko ya tashi ya nufi abinci. Ta ƙirga: goma sha takwas, duk da rai. Tsohon ya sake tsoma buhu.