Robar da Limbani Ya Ɗaure

Makonni uku ke nan jif ɗin Limbani tana yi masa wani irin ciwo. Sai ta tashi lafiya lau, ta yi tafiya mai nisa, sannan ta fara tari, ta ja numfashi, ta mutu. A yi ta murza makulli ta ƙi. Idan an ƙyale ta kamar rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Sau uku yana kai ta wurin Twaibu bakanike a Zomba. An canja fulogi, an canja filta, an goge kan batir, an ma sa sabon famfon mai.

"Kai dattijo, motar nan kunyata take ji," in ji Twaibu. "Tana ganina sai ta miƙe. Ko dai hawanka ne ba ta so?"

A lokacin dariya suka yi.

Ran Talata Dalitso, ƙanen Limbani, ya rasu a asibiti. Washegari da hantsi aka kwantar da kujerun baya, aka shigar da akwatin gawa, za a kai shi gida, ƙauyensu da ke bayan Ntcheu. Gwaggo Nagama, ƙanwar mahaifinsu, ta zauna a gaba. Tiyamike, matar marigayin, ta takure a baya kusa da akwatin, tafin hannunta a kan murfinsa.

Ba su kai Liwonde ba motar ta mutu.

Limbani ya ɗaga bonet, ya taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kan batir. Komai na nan daidai. Gwaggo ta sauko, ta buɗe ƙofar baya, ta ƙwanƙwasa akwatin da yatsa.

"Dalitso, ni ce gwaggonka. Gida za mu kai ka. Kada ka tsayar da mu a titi kamar baƙi, ka ji ko?"

Ta daɗe tana lallashinsa. Da Limbani ya murza makulli, motar ta tashi.

"Ka gani?" in ji Gwaggo. "Yana jin magana."

Limbani ya so ya ce motar ta saba haka tun Dalitso na da rai, amma ya ga ba ranar gardama ba ce.

Kafin Balaka ta sake mutuwa. Wannan karon Gwaggo ba ta yi wa akwatin magana ba. Juyowa ta yi ta dubi Tiyamike.

"Ke 'yar nan, me ya shiga tsakaninku kafin ya cika?"

"Babu komai, Gwaggo."

"Babu komai, shi ne yake turjewa har sau biyu? Yaron da ko akuya ba ya yi wa musu?"

"Wata huɗu ina kwana a ƙasan gadonsa a asibiti. Yaya Limbani shaida ne."

"Gaskiya ne," in ji Limbani, kansa a cikin inji. Muryarsa ba ta fito da ƙarfi ba.

Da ƙyar suka lallaɓa zuwa wata 'yar kasuwa ta bakin hanya, inda mata ke gasa masara. Nan ta mutu karo na uku. Rana ta karkata, ga mutane can gida an tara su, an haƙa kabari. Gwaggo ta ce ba za ta ƙara roƙon kowa ba: matar ta sauka, ta biyo su a motar haya.

Tiyamike ta dubi Limbani. Shi ne babba, motarsa ce, kalma ɗaya ta isa.

"Ki yi haƙuri, ki ɗan sauka," ya ce. "Don a zauna lafiya ne kawai."

Ta cire hannunta daga kan akwatin, ta gyara zaninta, ta sauka.

Don ya guje wa idonta, sai ya ɗauko jarkar fetur ya zaga bayan mota. Murfin tankin ya tsufa, ba ya kamawa sosai, shi ya sa da damina ta faɗi ya lulluɓe shi da leda, ya naɗe da robar tif ɗin keke, kada ruwa ya shiga. Ya warware robar, ya juye man, ya mayar da murfin haka nan, ya cusa ledar da robar a aljihu saboda sauri.

Motar ta tashi bugu ɗaya. Har ƙauyen ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Kafin a sauke akwatin, labarin abin da ya faru a hanya ya riga ya zaga. Mata suna waƙar makoki suna raɗa a tsakani. Limbani ya ce zai koma ya ɗauko Tiyamike, tunda yanzu gawar ta iso. Kafin ya tashi ya ga hadari ya haɗo, sai ya fiddo leda da roba ya sake ɗaure murfin tam, yadda ya saba.

Ya yi tafiyar rabin awa, motar ta yi tari, ta mutu.

Ya zauna riƙe da sitiyari. Babu akwati a bayansa, babu Tiyamike. Shi kaɗai ne. A hankali ya fara lissafi, kamar mai bin sawu: yaushe ciwon ya fara? Da ruwan farko. Me ya canja a lokacin? Me ya sa ba ta taɓa mutuwa a 'yar tafiyar da Twaibu ke gwada ta ba? Ya fita cikin yayyafi, ya warware robar, ya murɗa murfin.

Tankin ya ja iska da ƙarfi, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci.

Ya juya murfin ya ga ɗan ƙaramin rami a samansa, bai kai kan allura ba. Ta nan tanki ke shan iska yayin da mai ke raguwa. Shi da hannunsa ya toshe shi.

Ya sami Tiyamike inda ya bar ta, a ƙarƙashin rumfar masu masara, zaninta ya jiƙe. Motocin haya uku sun wuce, ba ta shiga ba. Ya nuna mata murfin, ya nuna mata ramin, ya yi mata bayani dalla-dalla har sau biyu. Ta saurara har ya gama.

"Na gane, Yaya," ta ce. "Ni dama na san Dalitso bai ƙi ni ba. Su za ka gaya wa."

Ya gaya musu. Ya tsaya a tsakar gida gaban dattawa, murfin a hannu ɗaya, robar a ɗayan. Suka gyaɗa kai cikin ladabi, wani ma ya karɓi murfin ya duba.

"Wannan zancen ku ne na masu mota," in ji Gwaggo. "Ni abin da na gani, tana sauka ya yarda."

Tiyamike ta shiga ɗakin makoki ta zauna a kan tabarma. Matan da ke kusa suka ɗan matsa, wannan ta ja zaninta, waccan ta ja nata, har fili ya buɗe kewaye da ita. Daga bakin ƙofa Limbani yana kallon filin nan, robar tana hannunsa har yanzu.