Inda Fensirin Zaharaddeen Ya Tsaya

Armiya'u ya juya shafi, ya ga gefen takardar fari fat. Ya juya na gaba, shi ma haka. Rubutun yayansa ya ƙare ke nan.

Mahaifinsu na kwance a asibitin Ƙaura Namoda. Ido ya daɗe da tafiya, yanzu kuma ƙirji ya kama shi. Ko fura ba ya sha sai an karanta masa littafin nan, labarin wani wawan aljani mai tashar mota a cikin gajimare. Ba aljanin ne ya dame shi ba. Zaharaddeen, babban ɗansa, malamin firamare a Banga, kafin hatsarin hanyar Shinkafi ya ɗauke shi, ya bi kowane abin dariya da fensir yana bayani a gefe: wannan habaici ne ga masu awon hatsi, wannan kamar Mudi ne ranar da jakinsa ya shiga masallaci. Duk inda aka tsaya, tsoho sai ya tambayi abin da Zaharaddeen ya ce, ya yi dariya, ya karɓi ludayi.

Armiya'u bai wuce aji huɗu ba. Ya ci gaba a hankali, yatsa na bin layi. Aljani ya hana uwarsa hawa gajimare, tana tafe a ƙasa tana zaginsa.

"Mi yac ce nan?" in ji tsoho.

Hindu, ƙanwarsu, tana riƙe da ƙwaryar fura. Ta dubi farar takardar, ta dubi Armiya'u.

Ya ɗora yatsa inda babu komai. Ya ce an rubuta wai wannan kamar Dogo ɗan kabu-kabu ne, da Shari'a ta zo aka hana ɗaukar mata a babur, ya bar gyatumarsa ta tako daga kasuwa da ƙunshin gero a ka, yana biye da ita a hankali yana ba ta haƙuri.

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sha furar sosai. Sannan ya juya fuska wajen bango.

"Armiya'u, ɗan'uwanka bai ga Shari'a ba. Tun kafin a fara muka rufe shi."

Hindu ta sunkuyar da kai.

Can tsoho ya tambaya ko da sauran littafin. Armiya'u ya ce da saura da yawa.

"To ka ari fensir wurin malamin asibiti. Amma ka sa sunanka a ƙasa. Kada a ɗora wa mamaci abin da bai faɗa ba."