Ba Ni Ba Ce a Bidiyon

Shekara da shekaru, aikin Injiniya bai wuce ɗakin na'urori mai sanyi kamar firiji ba. Ita ce shugabar sashen kwamfuta a wani kamfani da ke adana wa asibitoci bayanan marasa lafiya. Da sabon manaja ya zo, sai ya ce zamanin ɓuya ya wuce, dole ta riƙa fitowa a shafin sada zumunta na kamfanin domin jama'a su san wadda ke riƙe da sirrinsu.

"Ranka ya daɗe, ni ko hoton biki guje masa nake yi," ta ce.

"Za ki saba."

Ta kuwa saba. Duk mako sai ta ɗora gajeren bidiyo tana ba da shawara, har mijinta ya fara kiranta tauraruwa.

Wata safiya tana ajiye mota, yayarta ta kira.

"Auta, na tura lambar sirrin kamar yadda kika ce. Har ta Baba na haɗa."

"Wa ya ce ki tura?"

"Ke mana! Ba ke kika yi bidiyo ba?"

Injiniya ta buɗe bidiyon da yayar ta turo mata. Fuskarta ce, muryarta ce, har da yadda take gyara tabarau da ɗan yatsa. Matar da ke cikin bidiyon tana murmushi tana cewa kowa ya aiko da lambarsa, in ba haka ba za a goge bayanansa na asibiti. Bidiyon ya riga ya zagaye gari.

Ta wuce ofis da sauri. Ta sa aka rufe manhajar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya nan take. Manaja, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce ta fito kai tsaye ta ƙaryata.

Ta zauna gaban kyamara. "Jama'a, ba ni ba ce a wancan bidiyon."

Saƙonni suka fara zubowa. Wani ya rubuta: "To wannan ɗin fa, ta yaya za mu san ke ce?"

Ta kashe kyamarar.

Kafin yamma aka sauke bidiyon na bogi, amma ba a gano wanda ya haɗa shi ba. Da ta kira Baba ta ce ya canza lambarsa, sai tsohon ya ce, "Ki zo gida in gan ki tukuna."

Ta ɗauki makullin mota.