Jan Ƙyalle a Ƙofar Denis

Ga wata nan ta doso ku.

Ta ƙaraso, muna ji.

To, ku gyara zama. A Mkoba, unguwarmu ta garin Gweru, idan aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofar gida ba a tambaya, rasuwa aka yi. Mace takan ɗaura zani a kan rigarta, ta rufe kai, ta fara kuka tun daga bakin titi, don na ciki su ji cewa ba a bar su su kaɗai ba. Kuma duk Mkoba an san ba a riga Mbuya Shuvai, wato Kaka Shuvai, isa gidan makoki. Kafin maza su gama fitar da kujerun falo, ta shimfiɗa tabarmarta kusa da mai rashi, ta ɗaga waƙar coci. Har tsokanarta ake yi, wai tun ƙyallen yana kanti take hango shi.

Ita ce 'yarta Tsungai, mai aikin jinya a Luton ta ƙasar Ingila, ta ce ta tattara ta koma wajenta da zama. Ranar sallama matan coci suka cika ɗaki, kowacce da shawararta, har waɗanda ba su taɓa wuce Harare ba.

"Sanyin can kunne yake fara ci."

"Ki tafi da garin masararki, tuwon sadzar can ba ya riƙe ciki."

Ƙawarta Sekai ta ce, "Ni Turawan nake tausayi. Ke da ba kya ganin ƙofa a rufe ki wuce."

Mbuya Shuvai ta ce, "Rufe mini baki, tsohuwa kawai. Ki yi addu'a kada in mutu can, a rasa mai yi miki waƙa sai masu muryar akuya irin taki."

An faɗa mata komai game da sanyi da jirgi da ranar da ke faɗuwa tun la'asar. Ba wadda ta ce mata uffan game da ƙyalle.

A Luton, gidan da ke manne da nasu na wasu tsofaffi ne, Denis da matarsa Morin. Morin ba ta da lafiya. Mbuya Shuvai takan hango ta a taga cikin keken guragu, ta rame sai idanu, kuma kullum mai jinya na shiga da jaka. Sukan ɗaga wa juna hannu, iyakarta ke nan.

Wata Asabar da hantsi, Kirsimeti da sauran makonni, Tsungai tana wajen aiki, tsohuwa ta leƙa waje. Ga jan ƙyalle ɗaure a ƙyauren shingen su Denis. Ga kewayen ganye rataye a ƙofa, irin wanda ake ɗorawa a kan akwatin gawa. Motoci sun tsaya, mutane na shiga da kwanukan abinci. Wane ɗan Mkoba ne zai tsaya neman ƙarin bayani?

Ta ɗaura zani, ta rufe kai. Tun daga titi ta saki kuka, irin wanda ke sa karnukan unguwa su yi shiru. Ƙofa a buɗe take. Ta shiga da rarrafe a kan gwiwoyinta, ta kama hannun Denis da hannu biyu.

"Sannu da rashi, Baba. Morin ta huta, ta bar mu da wahala. Sannu, sannu."

Ta ɗago kai. Ɗansu yana bisa tsani yana rataya fitilu a jikin wata bishiya da aka shigo da ita har falo. Jikoki sun daskare da ƙwallayen ado a hannu. A gefen bishiyar kuwa ga Morin, da ranta, kofin shayi ya tsaya tsakanin cinyarta da bakinta.

Yadda Mbuya Shuvai ta fita, ita kanta ba ta sani ba. Takalminta ɗaya ma can ta baro shi.

Da yamma Tsungai ta je ta ba da haƙuri, ta dawo da takalmin a leda, ta ajiye a gaban uwarta.

"Mama, shekaruna nawa a titin nan ba wanda ya san sunana. Yau har mai wasiƙa ya sani."

"Na ga ƙyalle."

"Adon Kirsimeti ne. A nan ba a shiga gidan mutane sai sun kira ka. Ko mutuwar aka yi, kati ake turawa ta ƙarƙashin ƙofa."

"Kati ya iya kuka?"

"Ya iya, Mama. Don Allah ki yi mini alkawari."

Ta yi alkawari, kanta a ƙasa kamar ita ce 'yar. Daga ranar ta koma bayan labule. Ba ta fitar da shara sai ta ga motar Denis ba ta nan. In Morin ta ɗago hannu ta taga, sai ta yi kamar tana gyaran labule, ta sake shi. Sekai ta bugo waya tana tambaya, "Gida nawa kika shiga zuwa yanzu?" Ta ce layin ba kyau.

Aka yi Kirsimeti, aka kwashe ado. Can cikin watan Fabrairu, wata safiya, sai ga jan ƙyallen nan ya dawo ƙyauren su Denis, shi kaɗai, ba ganye ba fitila, ruwan sama na dukansa. Hannunta da kansa ya kai ga zani. Ta kira Tsungai ta nuna mata.

"Watan ranar masoya ne, Mama, komai ja suke yi. Kin yi alkawari."

Ta mayar da zanin cikin akwati. Amma ta lura mai jinya ba ta zo ba ran nan, ba ta zo washegari ba, kuma tagar Morin ba kowa. A zuciyarta ta sani. Sai dai duk sanda ta doshi ƙofa, sai ta ga kofin shayin nan a tsaye, ƙafafunta su ƙi. Ranar da doguwar baƙar motar ɗaukar gawa ta zo, ta bayan labule ta kalle ta. Tsungai ta sayo kati ta tura.

Bayan an watse, wata rana da azahar aka ƙwanƙwasa. Denis ne, da jiƙaƙƙen ƙyallen a hannu.

"Madam Shuvai, ko ban ɗaura shi daidai ba ne?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Ran nan da kika fita, Morin ta yi dariya har sai da muka ba ta ruwa. Rabonta da dariya an daɗe. Da 'yarki ta faɗa mana ma'anarsa, sai ta ce, 'Denis, ni na ji kukan mutuwata da kunnena, kuma ya yi mini. In lokaci ya yi, ka ɗaura wa matar nan ƙyalle.' Na ɗaura. Na bar ƙofa a buɗe kwana da kwanaki, har yara na faɗa wai sanyi na shigowa."

Kunyar farko zafi ta yi mata a fuska. Wannan kuwa ta fi ta nauyi.

"Na gani, Baba," ta ce. "Na gani, ban zo ba."

Ta shiga ciki ta ɗauro zani, ta karɓi ƙyallen, ta mayar da shi ƙyaurensa da irin ƙullin Mkoba. Ta koma bakin titi don ta fara daga inda ake farawa. Ta buɗe baki, muryar ta ƙi fitowa. Haka ta shiga shiru, ta zauna a ƙasa kusa da keken da ba kowa a ciki, Denis na kujerarsa, har rana ta faɗi.

Denis yana nan da ransa, ran Lahadi yakan ci sadza a gidan su Tsungai, da cokali. Tsungai ba ta sake maganar alkawari ba. Sekai ta rasu a Mkoba da damina, masu muryar akuya suka yi mata waƙa. Mbuya Shuvai kuwa tana Luton har yau, ta cire labulen tagarta.